Gatarin Aradun Gwaggo

A gidanmu na Gwammaja akwai wani dutse da ya girme kowa, har ma da ginin gidan. Baƙi ne, sumul, tsawonsa bai kai tafin hannu ba. Bakinsa ɗaya faffaɗa ne mai ɗan kaifi, ɗaya bakin kuma ya tsuke. Gatarin aradu muke ce masa. Tun ina ƙarami aka gaya mini cewa in an yi tsawa mai ƙarfi irinsa ne ke faɗowa daga sama, ya tsaga bishiya biyu, ya nutse cikin ƙasa, sai mai rabo ya tsince shi. Namu kakan mahaifina ne ya taho da shi daga Barno a cikin gafakarsa, tare da littattafai. Tun daga lokacin aradu ba ta taɓa faɗawa gidanmu ba. Gaskiya ba ta taɓa faɗawa gidan maƙwabta ba su ma, amma wannan ba maganar da ake yi a gaban Gwaggo ba ce.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ce babba a gidan yanzu, kuma a hannunta dutsen yake. Yana naɗe cikin wani tsohon ƙyallen saƙi, a cikin kwalla mai murfi, a ƙarƙashin gadonta. Ranar da hadarin farko na shekara ya haɗo daga gabas, sai ta ciro shi, ta shafe shi da man shanu, ta turara shi da turaren wuta, ta ɗora shi a alkukin da ke gefen ƙofar ɗakinta, inda a da ake ajiye fitila. Nan zai zauna har damina ta wuce. Matan unguwa sukan kawo yaran da ke firgita in an yi tsawa, ta tsoma dutsen a ruwa, a shafa musu a ka. Limamin masallacinmu ya taɓa yi mata magana a hankali. Ta ce masa ita ma ta san Allah ne mai tsarewa, amma shi ma ai yana kulle ƙofarsa in zai kwanta. Bai sake tayar da zancen ba.

Ni sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kama sunana. Babana take ce mini. In na ɓata mata rai sai in koma "yaron nan", ko da yake furfura ta cika mini gemu.

Sana'ata dukanci, rumfata tana wajen Ƙofar Mazugal. Na yi karatun allo, amma boko ban shige shi ba sai da na haura hamsin, da na gaji da neman wanda zai karanta mini saƙon masu ba ni aiki a waya. Muna zama bayan La'asar a wata firamare, a kan bencunan da aka yi wa 'yan shekara bakwai, gwiwoyinmu na taɓa haɓa. Malaminmu sa'an babban ɗana ne. Yana ce mana Baba, muna ce masa Malam, kowa ya tsira da girmansa.

A ƙarshen bazarar shekararmu ta biyu, Malam ya ce ya gaji da jin muna karanta abin da shi ya rubuta da hannunsa. Ya kwashe mu, mu goma sha ɗaya, ya kai mu gidan adana kayan tarihi, don mu karanta 'yan takardun da ake liƙawa a jikin kaya.

Ɗakin farko hotuna ne na ƙasashe daban-daban, na zanen da mutanen farko suka yi a cikin koguna da jikin duwatsu. Akwai wani mahauci a ajinmu, mutum ne da ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Ya tsaya gaban hoton wani bijimi da aka zana da jar ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wanda ya zana wannan ya taɓa yin fiɗa," in ji shi. "Dubi inda ya sa kafaɗa. Dubi cinya. Wannan ba ɗan kallo ba ne, ɗan gida ne."

"To karanta mana abin da aka rubuta a ƙasa, Baba."

"Bari dai in gama da naman tukuna."

A gaba akwai hoton wata 'yar siffa ta mace da aka sassaƙa, ƙiba har ta yi yawa, ba fuska. Telan ajinmu ya ce yadi goma ba zai rufe ta ba. Mahaucin ya yi a'uzubillahi ya ce gunki ne, amma bai matsa daga wurin ba sai da aka ja shi. Malam ya ce ba wanda ya san tabbas abin da suke yi da ita, ko bauta, ko ado, ko roƙon haihuwa. Ni abin da ya tsayar da ni hoton tafukan hannu ne, birjik a jikin bangon kogo. Kowa ya ɗora hannunsa an fesa masa launi a kewaye. Ɗaya yana da guntun ɗan yatsa, irin nawa na hagu da wuƙar aiki ta rage wa tsawo.

A ɗaki na biyu na gan su. Duwatsu irin namu, guda biyar a jere cikin akwatin gilashi, a kan jan ƙyalle. Ji na yi kamar na shiga gidan baƙo na tarar da Gwaggo zaune a tsakar gida. Na sunkuya kan takardar na fara haɗa baƙaƙe. Na ɗauki lokaci, don layi uku ne. Abin da na fitar shi ne, waɗannan gatura ne na dutse, mutanen da suka yi zamani kafin a san ƙarfe su suka sassaƙa su, suka goge su, suna saran itace da su. Na sake karantawa daga farko, ko na tsallake wani abu.

"Malam, ina aka rubuta aradu?"

Ya yi murmushi. Ya ce ba a rubuta ba, don babu ruwan aradu a ciki. Ya ce ba mu kaɗai ba ne, a ƙasashe da yawa, har ƙasar Turawa, manoma in sun tono irinsu cewa suke yi daga sama suka faɗo, su ɓoye su a rufin ɗaki don tsari.

"Kenan duk duniya ta yi kuskure, sai mai wannan 'yar takarda?"

"Haka dai masu bincike suka gano, Baba."

Ni ba mai gardama ba ne. Amma mako guda abin yana cina. Ina yankan fata ina tunani, ina ɗinki ina tunani. Na cikin gilashin ruwan toka ne, sun bushe. Namu baƙi ne, yana sheƙi. Sai na ce a raina, wataƙila nasu ne na mutane, namu kuwa na gaske ne. Ai a kasuwa ma akwai fata, akwai roba mai kama da fata, kuma ba a gane su sai an jera su. Abin da ya rage kawai in jera su.

Tambayar Gwaggo ba ta taso ba. Dutsen bai taɓa ƙetare zauren gidanmu ba tun da ya shiga.

Ranar Asabar ta tafi suna a Kabara tun da safe, an ce sai Magariba za a dawo da ita. Na shiga ɗakinta na durƙusa, na jawo kwallar. Don kada ta ɗaga ta ji ba nauyi, sai na naɗe dutsena na gugar fata a cikin ƙyallen, na mayar da murfi. Girmansu kusan ɗaya. A lokacin gani nake na yi dabara. Na ce awa biyu ta ishe ni, in je in dawo, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Da hantsi na isa. Ba kowa a ɗakin gaturan. Na zaro namu daga aljihu na kara shi da gilashin.

Ban daɗe ina dubawa ba na gane. In ka yi shekara arba'in kana wasa wuƙa a kan dutse, ka san sawun wasawa in ka gan shi. Ga su nan a bakin namu, 'yan siraran layuka duk sun kwanta gefe ɗaya, daidai da na cikin gilashin. Ga inda aka tsuke gindin don ya shiga ƙota. Har na ga wurin da mai aikin ya ɗan zarce, ya dawo ya gyara. Baƙin kuwa da sheƙin, man shanun Gwaggo ne da na iyayenta. Ban ji haushi ba. Wani abu na ji kamar na gamu da ɗan'uwana mai sana'a a garin da ban san kowa ba. Ina tsaye ina juya shi a hannu ina jinjina wa haƙurin mutumin nan, sai na ji tsawa a bayana, ba ta sama ba.

"Kai! Malam! Ajiye shi!"

Maigadi ne, wani dattijo mai faɗin kafaɗa da sanda a hammata. Ya iso yana haki, ya dubi hannuna, ya dubi akwatin, ya zagaya yana laluben inda na buɗe.

"Ta ina ka ciro shi?"

"Ban ciro ba, Baba. Nawa ne, daga gida na zo da shi."

"Naka? Kai da su kuka yi zamani?"

"Na gwaggona ne."

"Kowa in an kama shi na gwaggonsa ne."

Na ce ya ƙirga na ciki, biyar ne, kuma biyar na gani makon jiya. Ya ce shi gadi aka ɗauke shi ba ƙirga ba, ina ya sani ko shida ne da safe. Na nuna masa akwatin a kulle yake. Ya ce shi ma abin da yake so in yi bayani kenan. Ya karɓe dutsen ya jefa a aljihun wandonsa, ya zaunar da ni a benci a bakin ofis. Ya ce Hajiya mai kula da kayan ta fita, sai ta dawo.

Na zauna. Zama ba ya ba ni wahala, sana'ata ce. Rana ta take, aka kira Azahar, muka tafi masallaci tare, ya tsaya a gefena kafaɗa da kafaɗa, takalmana kuma ya sa su ƙarƙashin nasa. Da muka dawo ya ɗan sauko, har ya ɓara goro ya ba ni. Ya tambaye ni me gwaggon tawa take yi da dutse. Na gaya masa. Ya daina tauna.

"Gatarin aradu ne?"

"Haka muke ce masa a gida."

Ya sa hannu a hankali ya zaro shi daga aljihu, ya kai can ƙarshen tebur ya ajiye, ya dawo ya goge hannunsa a riga. Ashe shekara da shekaru yana gadin guda biyar bai taɓa haɗa su da na labarin ƙauyensu ba, don shi ma bai karanta takardar ba. A daidai lokacin iska ta canza, muka ji wani ɗan gurnani can nesa daga gabas. Na leƙa ta taga. Gindin sama ya fara baƙi.

"Malam," in ji maigadi, murya ƙasa-ƙasa, "jawo ta yake yi ko korar ta?"

"Mu dai a hannunmu kora yake yi. A hannun wanda ya ƙwace ban sani ba."

Ya ja kujerarsa ya koma bakin ƙofa.

Ni kuwa ba aradu ce ta dame ni ba. Na san duk inda Gwaggo take, in ta ga wannan hadarin, ko ana tsakiyar rabon tuwon suna sai ta taso.

Wajen ƙarfe biyu da rabi Hajiyar ta dawo, wata doguwar mace mai tabarau. Ta saurari maigadi, ta saurare ni. Ta ɗauki dutsen ta juya shi, ta kai shi hanci.

"Wannan ba namu ba ne," in ji ta. "Namu kowanne da lamba a jikinsa. Kuma namu ba sa ƙanshin ɗakin amarya."

Na yi hamdala na miƙa hannu. Ba ta ba ni ba.

Ta ce in yi haƙuri, ba ta ce ni ɓarawo ne ba. Amma akwai masu tono irin waɗannan kaya a daji suna sayar wa baƙi a ɓoye, wasu ma sukan shigo nan su gwada da nasu don su san abin da suka samu. Tunda da bakina na ce ba nawa ba ne, to mai shi ta zo ta faɗi asalinsa. In ta zo kafin a tashi, ƙarfe biyar, shi kenan. In ba haka ba zai kwana a kabad sai Litinin.

Na ce, "Hajiya, tsohuwa ce, ta haura tamanin. Kuma ba ta san na ɗauko ba."

"To ai ka ga yanzu za ta sani."

Ban taɓa jin hanyar Gwammaja ta yi mini gajarta kamar ranar ba. Na so a ce an sami cunkoso, ba a samu ba. Ina shiga gida matata ta dube ni daga bakin murhu, ta girgiza kai, ta nuna mini ɗakin Gwaggo da muciya.

Gwaggo na zaune a kan tabarma, ko mayafin unguwa ba ta cire ba. Ga kaskon turare yana hayaƙi, ga ɗan kwanon man shanu a buɗe, ga ƙyallen saƙi a warware. A tsakiyarsa dutsena na guga yana zaune, da jan rinin fata a gefensa.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, har ta tambaye ni gajiya. Sannan ta nuna dutsen da haɓa.

"Yaron nan, aradu ta fara ɗinkin takalmi ne?"

Na faɗi komai, ban rage ba. Ban dai kai ga zancen sawun wasawa ba. Ta saurara har na gama. Ta yi wata magana da Barbarci, wanda yanzu ba ta taɓa shi sai in za ta yi ƙirga ko faɗa, kuma wannan ba ƙirga ba ce. Ta rufe kwanon man, ta ƙulle shi a bakin mayafi, ta miƙo mini hannu in tashe ta.

"Nemo mana abin hawa. In ruwan nan ya sauka yana hannun gwamnati, ni da kai ne."

Muka shiga adaidaita sahu. Sama take kallo, ni ina kallon agogon waya. Iska ta fara kwasar ledoji tana yawo da su, masu tallan bakin titi suna ta rufe kaya. Muka isa saura minti ashirin a tashi.

Maigadi na ganinta ya cire hula, ya sake mayarwa, ya rasa wanne ya dace. Hajiyar ta taso ta rusuna. "Sannu da zuwa, Iya. Ku yi haƙuri, mun taso ku."

Gwaggo ba ta zauna ba. Ta ƙare mata kallo tun daga dogon hancin har ƙafa.

"Ke 'yar wace ƙabila ce?"

"Bafulatana ce ni, Iya."

"Ashe! Ni dai na ce wa zai riƙe kayan mutane ya ce sai an zo an roƙe shi, in ba Bafulatana ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma Hajiyar ta cire tabarau ta dubi zanen da ke kumatun Gwaggo, irin namu na Barebari, sai ta fashe da dariya.

"Wai ashe baiwata ce ta zo! Da kin aiko tun farko cewa kayan bayina ne, ai da na sa an zuba shi a shara."

"Baiwar wa? Ku da muka ba ku aron wurin kiwo, kuka zo da sanda ɗaya da ƙwarya?"

Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun na kakanni, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, kuma ba a fushi. Ni na sani, amma ban taɓa zaton zai yi aiki a ofis mai fanka da kabad ba. Kafin minti biyar Gwaggo na kan kujerar Hajiya, an kawo mata ruwa, tana ba da labarin dutsen: wanda ya taho da shi, garuruwan da ya yada zango, matan da suka riƙe shi kafin ita, ɗaya bayan ɗaya. Hajiya tana rubutawa da sauri. Wasu abubuwan ni kaina ranar na fara jin su.

Da ta gama sai Hajiya ta gyara murya. Ta ce abu mai tarihi irin wannan, da Iya za ta yarda ta bar shi a nan, da an sa shi a gilashi tare da 'yan'uwansa, kowa ya zo ya gani, a rubuta sunan gidanmu a ƙasa.

"Yana da 'yan'uwa a nan? Kai ni in gan su."

Muka rankaya ɗaki na biyu, maigadi na biye da mu daga nesa. Gwaggo ta dafa akwatin ta sunkuya. Ta daɗe. Na zaci ganin guda biyar a jere zai karya mata gwiwa, ita da ta tashi tana jin namu ne kaɗai a Kano. Da ta ɗago, tausayi na gani a fuskarta.

"Wa ke shafa musu mai?"

"Ba a shafa musu komai, Iya. Mai yana ɓata su."

"Turare fa?"

"Babu."

"Shi ya sa suka yi furu-furu kamar ƙafar hunturu. Ku masu shanun ma kun hana su mai? A nan kike so in bar nawa?"

Hajiya ta yi ƙoƙari. Ta yi mata bayani a hankali cewa mutane ne suka yi su da hannu, shekaru dubbai da suka wuce, ga shi ma an rubuta. Gwaggo ta juyo gare ni.

"Yaron nan, karanta mini. Tunda karatun ne ya kawo mu."

Ban taɓa karatu a gabanta ba. Na sa ɗan yatsa a kan gilashin ina bi, na yi tuntuɓe sau biyu a kan kalma ɗaya, Hajiya ta buɗe baki za ta taimake ni, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Na kai ƙarshen layi na uku da kaina.

"Shi kenan?"

"Shi kenan, Gwaggo."

"An rubuta sunan wanda ya yi?"

"A'a."

"An rubuta wanda ya gan shi yana yi?"

"Ba a rubuta ba."

"To." Ta miƙa wa Hajiya tafin hannu. "Ba ni abina, 'yar nan, hadari ya iso."

Hajiya ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta roƙi a bar ta ta ɗauki hotonsa ta auna shi. Gwaggo ta ce ta auna da sauri, ba zai ƙaru ba. Daga nan ta sa shi a hannun Gwaggo da hannu biyu, ta ce, "Ga shi, baiwata, na ba ki aro." Gwaggo ta ce Allah ya shirye ta.

Muna fitowa aka saki wata tsawa da ta sa motoci kuka, ɗigon farko ya fara sauka manya-manya. Maigadi ya buɗe lema ya raka mu har titi. Ban ga ya rufe ni da ita ba, kuma ban ga ya yarda ya yi nisa da Gwaggo ba ko taku ɗaya.

A cikin adaidaita sahu ta kwance bakin mayafi, ta buɗe kwanon, ta lakuto mai ta fara shafawa. Direban ya leƙo ta madubi.

"Iya, me ake shafa wa mai a bayan nan?"

"Tuƙa, ɗan nan. Yau kai ka fi kowa tsira a titin nan."

Ina kallon yatsunta suna bin bakin dutsen, suna wucewa ta kan 'yan layukan nan da na gani da safe. Na yi niyyar in nuna mata su. Na ga ba ranar ba ce. Sai ita ce ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"A faɗar takardar taku, itace suke sara da wannan?"

"Haka aka ce."

Ta gwada kaifin da babban yatsa. "To sun sha wahala, bayin Allah."

Mun shiga gida a jiƙe sharkaf, lungunmu ya zama rafi. Garwashin kaskon bai mutu ba, matata ta yi ta hura shi. Gwaggo ta turara dutsen, ta ɗora shi a alkuki, ta ja da baya ta dube shi, sannan ta zauna ta ce a kawo mata shayi. Ni ba a ce in zauna ba, ba a ce in tafi ba, don haka na tsaya a bakin ƙofa ruwan indararo na zuba mini a wuya har ta shanye.

Ranar Litinin ta aike ni da ɗan kwano a ƙulle cikin leda, ta ce in kai wa Bafulatanar nan, a shafa wa marayun da ke cikin gilashi. Na kai. Hajiya ta yi dariya har da hawaye, ta shinshina ta ce mai kyau ne, za ta ci shinkafa da shi. Da na dawo Gwaggo ta tambaye ni ko an karɓa, na ce an karɓa da murna. Ba ta tambayi fiye da haka ba.

Da damina ta wuce, aka sauke dutsen daga alkuki ranar da ba na gida. Kwallar ba ta koma ƙarƙashin gado ba. Matata ta san inda take. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce an hana ta gaya wa masu karatu.